Rigar da Na Sa wa Ɗanladi

Asabar, 16 ga Yuli, 2022

Rihazal na farko, wato gwajin wasan kwaikwayon da na rubuta. Ruwa ya tsare mu har la'asar, mutum shida kawai suka iso ajin da makarantar su Balki ta ara mana a Unguwar Sarki. Duk da haka mun karanta fitowa ta ɗaya da ta biyu.

Shekara uku wasan nan yana kwance a durowata ta ofis, ƙarƙashin fayilolin ma'aikatan da suka yi ritaya. Yau na ji shi a bakin mutane. Ban san ko daɗi na ji ba.

Yadda na bayyana musu shi: Marwa ƙasa ce da na ƙirƙira, can wajen Habasha, shekara ɗari bakwai da suka wuce. Sarki Iliyas ya hau gadon da ba kowa ya yarda nasa ba ne, don uwarsa baiwa ce. Jama'a ba za su karɓe shi ba sai bishop, shugaban limaman coci, ya shafa masa mai a ka. Shi kuma bishop yana da nasa ciwon, limaman cocin garin Sarra sun daina bin umarninsa. Sai suka daidaita a ɓoye. Sarki ya ci Sarra da yaƙi, bishop ya shafa mai. Wa'azi ya fara, jini ya biyo.

Sanda ne sarki, tsayi ya ba shi ba iyawa ba. Balki uwar sarki. Ɗanladi bishop. Ba mai murya irin tasa a garin nan, shi ya sa gidan rediyon da yake aiki ba sa ba kowa sanarwa sai shi. Tare muka yi firamare a Badarawa, gidansu na bayan namu, kafin rikicin addini na 2000 ya kwashe su zuwa tsallaken kogi. Yau mota biyu ya hau daga Sabon Tasha cikin ruwan nan don ni.

Laraba, 20 ga Yuli

Ofis ba wuta. Na gyara jawabin bishop sau uku, na mayar da shi yadda yake.

Lahadi, 24 ga Yuli

Matata Juwairiyya ta gama buga min wasan a kwamfuta. Shafi arba'in da ɗaya. Ta miƙo min, ta tsaya.

"Abban Sumayya, me ya sa coci?"

Na ce tarihi ne, a can haka suke. Ta ce ai ta zaci ni na ƙirƙiri ƙasar. Na ce a duba miya, ina jin ƙauri. Babu wani ƙauri.

Asabar, 30 ga Yuli

Ɗanladi ya kai jawabin har ƙarshe ba takarda. Har masu gadin makaranta sai da suka leƙo ta taga. Wurin da yake cewa, "Waɗancan ba abokan gardama ba ne, cuta ce. Wanda ya ji tausayin cuta ba ya son gidansa," sai da gashin jikina ya tashi.

Da muka fito na raka shi bakin titi. Yana ɓare gyaɗa ya ce, "Sharu, wannan bishop ɗin naka ba a coci ya koyi magana ba."

Na yi dariya. Ya ce ba wasa yake ba. Wai shekara arba'in yana zama a benci yana jin fastoci, masu kirki da marasa kirki, akwai waɗanda suka fi nawa mugunta, amma ba haka suke jera magana ba. Ba sa cewa "ya ku jama'a." Ba sa kawo hujja uku sannan su yi shiru su gyara zama.

Na ce to ka gyara min. Ya ce, "A'a, yana da daɗi a baki. Na dai faɗa maka ne."

Motarsa ta zo. Na tako har gida a ƙasa, ban san me ya sa ban hau keke ba.

Talata, 2 ga Agusta

Yaya Kabiru ya zo gaida ƙanwarsa Juwairiyya, motoci biyu, layinmu ya toshe. Tun da ya ci fidda gwani na majalisar jiha bai zauna gidan nan ya wuce minti goma ba. Yau ya yi awa. Juwairiyya ce ta ambaci wasan, ina jin don ta cika shiru.

Da na ba shi labarin a taƙaice sai ya ajiye kofi. Bishop? Ya tura sarki yaƙi? Ya ce wannan ai ba na aji ba ne, zai samo mana babban ɗakin taro ranar ɗaya ga Oktoba, da bas, da lasifika. In ya yi kyau a kai Kawo, a kai Katabu.

Na yi godiya. Na yi ta godiya har bakin mota. Ni da na yi shekara uku ina tsoron kada ya gani.

Asabar, 6 ga Agusta

Yaya Kabiru ya zo rihazal. Da shi da Nazifi, mai kula masa da shafukan sada zumunta.

Yau ne Balki ta kawo rigar bishop, ta ɗinka da tsohon labulen falonta, shuɗi mai duhu, da gicciyen katako a igiya. Ɗanladi ya sa, ya juya gicciyen a hannu ya ce an yi shi a karkace, ya bar shi haka.

Muka yi fitowar daidaitawa, inda sarki ya je wurin bishop a ɓoye. Na tsaya a bayan aji ina kallon ƙeyar Yaya Kabiru. Sanda ya ce, "Ni ba na so a taɓa kowa, Uba. Kawai a gane su wane ne su." Na jira Yaya ya waiwayo. Na shirya fuskata.

Dariya ya yi. Ya bugi cinyarsa ya ce, "Wallahi haka suke. Sharhabil, ina ka san su haka?"

Bai ji komai ba. Ko alama.

Nazifi yana ta ɗauka da waya. Na gan shi, na yi tunanin talla ce. Ko dai ban yi tunanin komai ba.

Lahadi, 7 ga Agusta

Bari in rubuta, tunda ba mai karantawa.

Janairun 2019. Direban Yaya Kabiru ba shi da lafiya, lokacin yana neman kansila ne, ya ce in kai shi wani wuri. Gidan malamin masallacin layinmu muka je, wanda ko a nan ba zan sa sunansa ba. Suka shiga zaure, na tsaya a bakin ƙofa da makullin mota a hannu. Labule ne kawai tsakaninmu.

Malam yana son a mai da masallacinsa na Juma'a, kuma kada a ba na gangare, waɗanda suka ɓalle daga wurinsa. Yaya yana son a faɗa wa mutane cewa abokin takararsa da na gangare yake tafiya, kuma na gangare ba mutanen kirki ba ne. "Ni ba na so a taɓa kowa, Malam. Kawai a gane su wane ne su." Haka ya faɗa, ban ƙara ko harafi ba.

Bayan kwana huɗu Malam ya yi karatu tsakanin magariba da isha. Cuta. Tausayin cuta. Hujja uku, ya gyara zama. Washegari samari suka fasa shagon Yahya kafinta, wanda ke liƙa hotunan ɗaya ɗan takarar. Har yau idonsa na hagu ba ya gani. Shi ya yi mana gadon Sumayya.

Na dawo gida na rubuta duk abin da na ji, don in ban rubuta ba kaina zai fashe. Da na karanta sai tsoro ya kama ni. Na cire rawani na sa gicciye, na tura su Habasha, na mayar da su baya shekara ɗari bakwai. Na ce wa kaina fasaha ce.

Alhamis, 11 ga Agusta

A rukunin WhatsApp na ofis na fara gani. Daƙiƙa arba'in. Ɗanladi cikin riga, gicciye a ƙirji, an yanke allo da bencina, an yanke Sanda. Fuskarsa kawai da muryar nan. A ƙasa an rubuta: "Ku ji abin da ake faɗa a cocinsu a kanmu. Waɗannan ne abokin hamayya ke neman ƙuri'arsu."

Kafin azahar ya shigo min ta rukuni huɗu. Na rubuta a na ofis cewa wasan kwaikwayo ne. Wani ya amsa, "Allah ya sa." Wani ya sake turo bidiyon a ƙarƙashin maganata.

Na kira Ɗanladi sau tara.

Asabar, 13 ga Agusta

Ɗanladi bai zo rihazal ba. Wayarsa a kashe. Mun zauna mu biyar muna kallon juna, Sanda ya ce ko a nemo wani bishop. Balki ta kalle shi har ya fita.

Litinin, 15 ga Agusta

Sai yau Yaya Kabiru ya ɗauki wayata. Ya ce shi bai san wa ya saki ba, yaran nan na intanet ba a iya musu. Na ce a sa Nazifi ya fito ya ce wasa ne. Ya ce in ya yi haka ya amsa laifin da bai yi ba ke nan. "Kwana biyu za a manta. Kuma ai ba ƙarya ka rubuta ba, ko ƙarya ce?"

Na ce a'a.

Ya ce an riga an kama ɗakin taron, in kwantar da hankalina, in gaida Juwairiyya.

Na kasa zama a ofis. Na zaga Kawo, na dawo ta Unguwar Dosa, na tsaya kallon masu gyaran kwalbati kamar wanda aka aika.

Juma'a, 19 ga Agusta

Ban yi niyyar yin sallar Juma'a a masallacin layinmu ba, ruwa ne ya hana ni nisa. Na Juma'a ne yanzu, har da bene.

A huɗuba ta biyu Malam ya kawo zancen bidiyon. Ya maimaita kalmomin ɗaya bayan ɗaya, a hankali, don kowa ya ji. Cuta. Tausayin cuta. Ya ce wace irin zuciya ce za ta iya kiran ɗan Adam cuta a wurin ibada? Muryarsa har rawa take. Ina kallonsa sosai, ban ga alamar yana yaudara ba. Ya manta ne. Da gaske ya manta.

Ya ce kada kowa ya ɗauki doka a hannunsa, amma a san da wa ake zaune.

A wajen neman takalma na ji wasu samari suna cewa sun san muryar, ta mai sanarwar rediyo ce, kuma ɗan unguwar nan ne da.

Ina tsaye a gefensu da takalmi ɗaya a hannu. Ban ce komai ba. Kuma dai.

Asabar, 20 ga Agusta

Da hantsi aka ƙwanƙwasa. Mutum da hular sanyi da takunkumin korona, da leda a hannu. Sai da ya yi magana na gane shi. Ɗanladi, a layin da aka haife shi, da fuska a rufe.

Ya ƙi shiga. Juwairiyya ta fito ta gaishe shi, ya amsa da mutunci, ya tambayi Sumayya. Ta koma ciki muka tsaya a soro.

An ce ya huta a wurin aiki har ƙura ta lafa. Dattawan cocinsu sun kira shi, suna tambaya wa ya saye shi ya zubar musu da mutunci. Wayar 'yarsa Ladi ta cika da saƙonni daga lambobin da ba ta sani ba, an turo mata hoton ƙofar gidansu. Nan ana cewa ya ce a kashe mu, can ana cewa ya sayar da su. Ya faɗi duk wannan ba tare da ya ɗaga murya ba.

Ya miƙo ledar. Rigar ce da gicciyen.

Na faɗa masa. Zauren, labulen, makullin mota, Yahya. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, sai ga shi yana fita ba tsari, ina haɗa 2019 da jiya.

Ya saurara har na gama. Ya ce, "Na san ba namu ba ne tun ranar farko. Na zaci wani ka ji a rediyo." Ya gyara takunkuminsa. "To, ka ji tsoron rawani, Sharu. Ba laifi, ni ma ina tsoronsa, ina tsoron namu ma. Amma da ka rasa wanda za ka sa wa rigar, sai ni?"

Na ce ban yi tunanin zai kai haka ba.

Ya ce, "Ka yi tunanin inda ba zai kai gare ka ba."

Na so in raka shi titi, ya ce gara kada a gan mu tare. Ya tsaya kaɗan yana kallon tsohon gidansu, an mai da shi shagon sayar da ruwan leda. Ya tafi.

Lahadi, 21 ga Agusta

Ledar na nan a bayan ƙofa. Na kasa matsar da ita.

Laraba, 24 ga Agusta

Ban je ofis ba. Ina ta shiga ina fita, Juwairiyya tana tsince wake, ta ce in zauna ina sa mata jiri.

Na fara cewa akwai abin da ban taɓa gaya mata ba game da wasan. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Tun shafi na uku na gane muryar Yaya. Tare muka tashi. Tun yana yaro haka yake, ba ya so a taɓa kowa, sai a wayi gari an taɓa."

Na ce me ya sa ba ta faɗa ba. Ta ce ta tambaye ni me ya sa coci, na aike ta duba miya. Kuma ita ta kawo zancen gabansa ranar da ya zo, tana so ya gani ya ji kunya. Wannan laifin nata ne, ta ce, tana ɗauke da shi.

Na ce in na yi magana gidansu zai juya mata baya. Ta ce ta sani. Ta ture tiren, ta wanke hannu, ta ce in sa riga mai kyau, in zauna jikin bangon da haske ke bugawa.

Sau biyar muka ɗauki bidiyon da waya. A na farko na yi ta bayani a kan Habasha, ta ce ba wanda zai kai ƙarshe. A na biyar na ce sunana, da unguwarmu, da inda nake aiki. Na ɗaga rigar, na nuna ƙugiyar labule da Balki ta manta ba ta cire ba. Na ce ni na rubuta kowace kalma, Ɗanladi haddacewa kawai ya yi don ni abokinsa ne. Na ce ban taɓa shiga coci ba, kalmomin nan a Badarawa na ji su, daga bakin mutumin da nake bi salla, shekara uku da suka wuce, kuma wani ya rasa ido saboda su.

Ban faɗi suna ba. Na kai bakin faɗa na tsaya. Ta jira, ta ga ba zan iya ba, ta kashe.

Ita ta tura.

Asabar, 27 ga Agusta

Bidiyonsu ya zaga duniya a yini ɗaya, nawa yana rarrafe. Amma a layinmu ya isa ko'ina.

Ba ɗakin taro, ba bas. Yaya Kabiru bai kira ni ba, Hajiyarsu ce ta kira Juwairiyya, na ji kuka ta cikin waya. Sanda ya turo saƙo wai aiki ya yi masa yawa. A masallaci da asuba na miƙa wa maƙwabcina hannu ya ba ni 'yan yatsu. Wani dattijo kuma da ban san sunansa ba ya matse nawa da ƙarfi. Malam bai kalli inda nake ba.

An watsa mana baƙin mai a ƙofa. Na wanke kafin Sumayya ta dawo islamiyya, bai fita duka ba.

Ina jin tsoro. In rubuta shi a fili, ina jin tsoro. Abin mamaki dai na ci tuwo malmala biyu yau.

Lahadi, 4 ga Satumba

Saƙon Ɗanladi, bayan kwana goma sha biyar. Ya nuna wa dattawansu bidiyona, biyu sun yarda, ɗaya ya ce duk shiri ne. Gobe zai koma aiki, amma ba a kan sanarwa ba tukuna. Ladi ta canza layi.

A ƙarshe: "Na gode. Ba zan dawo wasan ba. Kada ka tambaye ni."

Na rubuta amsa doguwa na goge. Na tura "To."

Na sake karanta saƙon ina neman "Sharu" a ciki. Babu.

Asabar, 10 ga Satumba

Ba rihazal. Balki ta ce ajin na nan duk ranar da muka so, na ce a bari tukuna.

Na sayi sabon littafin rubutu a Kawo, na lissafin ofis ne na ce wa mai shagon, kamar ya tambaye ni. Ba wani abu nake yi ba. Gwajin wani sabon wasa ne kawai, wataƙila in yaga. Gari ne a bakin kogi, ban sa masa suna ba, ban kuma mayar da shi baya ko shekara ɗaya ba. Zaure, tabarma, mutum biyu. Ɗaya da rawani, ɗaya da babbar riga.

Da na zo jera 'yan wasa sai na ga sun zama uku. Akwai wani a bakin ƙofa, bayan labule, da makullin mota a hannu. Da farko tsayuwa kawai yake. Wajen shafi na shida na ga na sa masa magana. Gajera ce, ba ta da wani daɗi a baki.

Juwairiyya ta karanta a tsaye, ta bayan kafaɗata. Ta ce wa zai fito a direban, tunda duk sun watse.

Na ce sai a ga wanda aka samu.